Aikin mutum uku a hannun mutum ɗaya: fashin baƙi kan tuƙa jirgin DC-6 a kwamfutar gida

Wanda ya saba da jiragen zamani a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, ranar da ya fara zama a ɗakin matuƙan Douglas DC-6 yakan yi tsuru-tsuru, domin abin da zai tarar a gabansa bai yi kama da wanda ya sani ba. Babu faffaɗan allo mai nuna taswira, babu kuma kwamfutar da za a rubuta wa sunan filin sauka ta kai mutum can. Agogai ne birjik masu allura, da maɓallai jere a saman kai, da sandunan sarrafawa cunkushe a tsakanin kujeru biyu, kusan kowane abu ninki huɗu saboda injinan huɗu ne. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa wahalar irin wannan jirgi tana wurin riƙe sitiyari, amma wanda ya jima yana tuƙa shi ya san cewa sitiyarin shi ne mafi sauƙin al'amarin. Inda gizo ke saƙar shi ne kula da injina da lissafin hanya, da kuma yin yanzu abin da ba za a ga amfaninsa ba sai bayan minti ashirin.

Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera DC-6. Ya fara tashi a watan Fabrairun 1946, kuma kafin a daina ƙera shi a 1958 an fitar da guda 704. Yana cikin jiragen fasinja na ƙarshe masu injin fistin da suka riƙe dogayen hanyoyin duniya kafin jiragen jet su karɓe su, har shugaban Amurka Harry Truman ya yi amfani da irinsa a matsayin jirgin fadarsa. Har yanzu bai gama mutuwa ba, domin wani kamfanin dakon kaya mai suna Everts ya daɗe yana aiki da shi a Alaska, inda ake kai mai da kayan masarufi ƙauyukan da mota ba ta isa. A fagen kwaikwayo kuwa, samfurin da ya fi shahara shi ne na kamfanin PMDG, wanda ya fara fitowa a manhajar X-Plane a 2016, daga baya a 2021 ya shiga Microsoft Flight Simulator, wato zubin da kamfanin Asobo na Faransa ya gina aka fitar a 2020. Masu samfurin sun kafa aikinsu ne a kan wani jirgi na gaske da yake Namibiya a lokacin, wanda shi ne DC-6 na ƙarshe da ya fito daga masana'anta.

Ya kamata a tantance abin da ake nufi idan an ce jirgin kwaikwayo ya yi kama da na gaske, domin kamar iri biyu ce kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai kamar ido da kunne, wato fenti da tsatsa da ƙarar inji da hayaƙin da ke fita daga salansa. Akwai kuma kamar hali, wato idan ka bar inji ya yi zafi zai lalace, idan ka manta da canza tankin mai zai mutu, idan ka cika wa jirgin kaya zai ƙi tashi da wuri. Ta farko tana sayar da manhaja, ta biyun ce take sa mutum ya ɗauki littafin umarni mai ɗaruruwan shafuka ya zauna yana karantawa kamar mai shirin jarrabawa. Wannan bayani a kan ta biyun yake.

Injin jirgin shi ne Pratt & Whitney R-2800, mai silinda 18 da aka jera zagaye a layi biyu, tara gaba tara baya, kamar hannuwan tauraro. Girman cikinsa ya kai kusan lita 46, wato ya ninka na ƙaramar motar gida sau ashirin da wani abu, kuma a lokacin tashi kowane ɗaya yana ba da ƙarfin doki 2,400 zuwa 2,500 gwargwadon zubinsa. Ba shi da lagireton ruwa, iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Daga wannan siffa ta zagaye ne matsalar farko take tasowa tun kafin a kunna komai. Idan injin ya kwana a tsaye, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a silindojin da ke ƙasa, waɗanda kansu ke kallon ƙasa. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka idan aka ba injin wuta alhali man yana ciki, fistin zai daki abin da ba ya motsi, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye. Wannan ne ya sa ake fara juya injin da sitata ba tare da an kunna wutar fulogi ba, ana ƙidaya hannuwan farfela yayin da suke giftawa ta taga: uku, shida, tara, goma sha biyu. Farfelar hannu uku gare ta, don haka goma sha biyu na nufin ta yi cikakken juyi huɗu ba tare da ta cije ba. Sai a lokacin ne ake ba da wuta, injin ya yi tari, ya fesa farin hayaƙi, ya kama a hankali, sannan a tura sandar mai zuwa matsayin aiki. Ana ƙidaya injinan ne daga hagu zuwa dama, kuma bisa al'ada ana farawa da inji na uku, sai na huɗu, sai na biyu, a ƙare da na ɗaya.

Ko bayan injinan sun tashi, babu gaggawa. Dole a bar su a silo har baƙin mai ya ɗumama ya kai kimanin digiri 40 kafin a ƙara musu wuta, domin mai mai sanyi yana da kauri kuma ba ya ratsa lungunan da ya kamata. Amma kuma idan aka bar su a silo mai rauni na dogon lokaci, fulogai sukan yi datti saboda dalmar da ke cikin man jirgi, kowane inji kuwa fulogi 36 ne da shi, biyu a kowace silinda. Tun a nan mai koyo zai fara gane halin jirgin: kusan kowane abu yana da iyaka ta sama da ta ƙasa, kuma tsakanin iyakokin biyu ne ake rayuwa.

Abin da ya fi rikitar da sababbi shi ne yadda ake auna ƙarfin inji da yadda ake saita shi. A mota totur ɗaya ne, ka taka ta gudu, ka saki ta lafa. A nan abubuwa uku ne suke aiki tare. Na farko totur, wanda yake ƙayyade matsin iskar da ke shiga silinda, ana kuma auna wannan matsi da inci. Iskar da muke shaƙa a bakin teku matsinta kusan inci 30 ne, amma a lokacin tashi allurar takan kai kusan inci 60, saboda akwai wata fanka a cikin injin wadda shi da kansa yake juyawa, tana cusa masa iska kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙeri. Na biyu sandar farfela, wadda take ƙayyade yawan juyin inji a minti. Hannuwan farfelar suna iya canza kwanciyarsu, su ciji iska da yawa ko kaɗan, kuma wannan shi ne giyar jirgin: a tashi ana son juyi 2,800 a minti, a hawa a rage, a tsakiyar tafiya a sauko kusa da 2,000. Na uku sandar gaurin mai da iska, mai matsayin mai da yawa domin tashi da hawa, da matsayin mai kaɗan domin doguwar tafiya, da matsayin yanke mai gaba ɗaya.

Tsarin taɓa waɗannan sanduna yana da ƙa'ida, kuma duk direban babbar mota zai gane dalilinta. Idan za a rage ƙarfi, totur ake fara ja baya, sannan a rage juyi. Idan za a ƙara, juyi ake fara ƙarawa, sannan totur. Wanda ya juya tsarin ya yi daidai da wanda ya saka babbar giya a kan tudu da cikakken lodi ya kuma take totur har ƙasa: matsi ya yi yawa, juyi ya yi kaɗan, man da ke cikin silinda ya riƙa fashewa da ƙarfi maimakon ya ƙone sannu a hankali. Wannan fashewa tana iya huda kan fistin cikin ɗan lokaci, kuma a cikin ƙugin injina huɗu ba a jin ƙwanƙwasarta kamar yadda ake ji a mota. Domin kare injin daga ita a lokacin tashi da nauyi, ana fesa masa gaurin ruwa da sinadarin metanol, wanda yake sanyaya abin da ke shiga silinda ya ba da damar ƙara matsi. Shi ya sa ma'aikatan jirgin suke da tashi iri biyu, mai ruwa da busasshe, kuma ana yanke shawarar wanda za a yi tun kafin a hau titin tashi.

Akwai kuma wani geji da ake kira BMEP, wanda a gani na shi ne mafi gaskiya a duk allon. Gejin matsi yana faɗin abin da aka ba injin ne, shi kuwa wannan yana faɗin abin da injin ya mayar, domin yana auna ƙarfin murɗawar da ke isa ga farfela. Lissafinsa ma ba shi da wuya: a wannan inji, idan aka ninka adadin da allurar ta nuna da yawan juyi aka raba da 283, ana samun ƙarfin doki. Allura a kan 243 da juyi 2,800 ta ba da kusan 2,400, wato ƙarfin tashi. Allura a kan 155 da juyi 2,000 ta ba da kusan 1,100, wanda bai kai rabin na tashi ba, kuma a irin wannan ƙarfi ne injin yake shafe sa'o'i yana aiki ba tare da ya gaji ba. Idan inji ɗaya ya fara samun matsala, sau da yawa allurar matsi takan tsaya cak kamar babu abin da ya faru, ita kuwa wannan ta fara zamewa ƙasa. Wanda ya koyi kallonta ya rage wa kansa rabin fargaba.

Duk wannan aiki a jirgin gaske ba na matuƙi ba ne. Akwai mutum na uku, injiniyan jirgi, wanda yake zama a wata kujera mai naɗewa a tsakanin matuƙan biyu, ɗan baya kaɗan, hannunsa a kan sanduna idonsa a kan agogai. Kyaftin yana faɗin ƙarfin da yake so, injiniya yana saitawa. A dogayen hanyoyi kuma akan ƙara mai lissafin hanya da mai kula da rediyo. Wanda ya zauna a gaban kwamfuta a ɗakinsa ya haɗa waɗannan ayyuka duka a kansa, da linzamin kwamfuta ɗaya da allo ɗaya wanda ba ya nuna gaba da sama a lokaci guda. Saboda haka ne PMDG suka saka wani injiniya na kwaikwayo wanda ake ba umarni, ya saita ƙarfin tashi ko na hawa ko na sauka yana faɗin abin da yake yi. Wasu masu sha'awar harkar suna ganin amfani da shi kasawa ce. Ni ban yarda da su ba, domin babu wani kyaftin na gaske da ya taɓa tayar da wannan jirgi yana riƙe da sitiyari yana kuma buɗe ƙofofin iskar da ke sanyaya injina huɗu da kansa. Wanda ya bar wa injiniyan minti biyar na farko da biyar na ƙarshe, ya karɓi aikin a tsakiya, ya fi kusa da yadda abin yake a zahiri.

Domin a ga yadda waɗannan abubuwa suke haɗuwa, babu misalin da ya fi tafiya daga Kano zuwa Tarabulus ta Libiya, kuma zaɓin ba na son kai ba ne. A zamanin jiragen fistin, Kano babban zango ce ga jiragen da ke ratsa Sahara tsakanin Turai da tsakiya da kudancin Afirka, kamfanoni irin su BOAC da KLM da Sabena duk suna sauka su sha mai, domin jiragen lokacin ba sa iya yin tafiyar a numfashi ɗaya. Filin jirgin Kano yana kan tsayin kimanin ƙafa 1,560 daga teku, wanda ba wani abu ba ne a takarda. Amma a tsakiyar bazara, idan zafi ya kai digiri 40, iska takan yi sirara har fiffike da farfela su ji kamar suna kan tsayin kusan ƙafa 5,000. Jirgin da aka cika zuwa iyakarsa ta kusan tan 48 zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kuma idan ya ɗaga ɗin zai riƙa hawa ne kamar mai ciwon gwiwa a kan matakala. Manhajar tana lissafa wannan duka, musamman idan an kunna yanayin sama na ainihin ranar, kuma wanda ya gwada tashi da azahar sannan ya sake gwadawa da asuba zai ga bambancin a tsawon titin da ya rage a gabansa.

A lokacin hawa ne zafin kan silinda yake zama abin lura. A bayan murfin kowane inji akwai ƙananan ƙofofi a zagaye waɗanda ake buɗewa domin iska ta ratsa ta fita. Buɗe su da yawa yana sanyaya injin amma yana ja wa jirgin birki, rufe su yana ƙara gudu amma yana dafa silinda, wadda ba a so zafinta ya wuce digiri 260 ko da a tashi. Ga kuma wani abu: yayin da jirgi yake hawa, matsin iska yana raguwa da kimanin inci ɗaya a kowace ƙafa dubu, saboda haka dole a riƙa tura totur gaba kaɗan-kaɗan domin a riƙe ƙarfi ɗaya. Idan totur ya kai ƙarshe babu sauran wurin turawa, sai a rage wuta na ɗan lokaci a saka wa zugazugin nan babbar giyarsa, domin giya biyu gare shi, sannan a ci gaba. Jirgin yana da matsin iska a ɗakin fasinja, amma yawanci tsakanin ƙafa 15,000 da 20,000 yake tafiya, wato a cikin gajimare da guguwa, inda jiragen jet na yau suke bi ta samansu. A irin wannan tsayi ne ƙanƙara take iya taruwa a maƙogwaron kafireto idan akwai laima, ta shaƙe injin a hankali, sai an buɗe masa iska mai ɗumi.

Daga Kano zuwa Tarabulus ya haura kilomita 2,300, kusan sa'a biyar a gudun wannan jirgi na kimanin kilomita 500 a sa'a. Manhajar ta ba da zaɓin saka na'urar GPS a allon, kuma duk wanda ya saka ta ya zubar da rabin abin da ya saya. Hanyar da mutanen wancan zamani suka bi ita ce lissafi da agogo da kamfas: an san alƙiblar da aka fuskanta, an san gudu, an ƙiyasta inda iska take turawa, sai a ce bayan minti kaza ya kamata a kasance a wuri kaza. Ana taimakawa da tashoshin rediyo na ƙasa, waɗanda wata allura a allon take nuna inda suke idan an kama siginarsu, ana kuma tabbatar da sunan tashar ta hanyar sauraron ɗigo da jan sautin Mos da take aikowa. Sai dai siginar ba ta kai ko'ina ba, kuma a tsakiyar hamada akan yi dogon lokaci allurar tana lilo ba ta nuna komai. A jirgin gaske mai lissafin hanya yakan auna taurari da dare. Akwai wata ƙa'ida da matuƙa suka haddace, cewa kuskuren digiri ɗaya yana kauce da jirgi mil ɗaya a kowane mil sittin, wanda a wannan tafiya ya kai kusan kilomita 40. Kamfas mai juyi da ake tuƙi da shi kuma yana zamewa da kansa sannu a hankali, sai an riƙa daidaita shi da na maganaɗisu lokaci-lokaci. Na'urar tuƙi da kai ta kamfanin Sperry da ke cikin jirgin tana riƙe fukafukai daidai ta kuma riƙe tsayi, amma ba ta san inda Tarabulus take ba.

A cikin waɗannan sa'o'i ne ake sarrafa mai, wanda yake rarrabe a tankuna takwas cikin fukafukai, kowane inji da babban tankinsa da na ajiya. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a tarihin jirgin. A watan Oktoban 1947 wani DC-6 na kamfanin United ya kama da wuta a sama ya faɗi kusa da Bryce Canyon a jihar Utah, mutum 52 suka rasu, kuma bayan makonni kaɗan wani na kamfanin American ya kama da wuta shi ma amma ya samu ya sauka a Gallup ta jihar New Mexico. Binciken jirgi na biyun ya nuna cewa idan ana tura mai daga tanki zuwa tanki har ya cika ya tumbatsa, rarar tana fita ta wata ƙofar shaƙa, iska ta kwashe ta zuwa bakin na'urar ɗumama ɗakin fasinja. An dakatar da jiragen duka na kusan wata huɗu har aka gyara tsarin. Wanda ya san wannan labari, idan ya kai hannu kan sandunan mai a manhajar, yakan duba sau biyu.

Sauka ita ce inda na fi shan kunya a farkon koyona. Na taho daga arewa da dare, na hango fitilun Kano, sai na yi abin da na saba yi a jirgin jet, wato na ja totur huɗu baya gaba ɗaya na sunkuyar da hanci. Jirgin ya ƙi rage gudu, zafin silinda ya faɗi warwas, na iso kan filin ina sama da ƙafa dubbai fiye da yadda ya kamata, na yi ta kewaya gari kamar shirwa. Dalilin shi ne DC-6 ba shi da faifan birkin iska a kan fiffike, kuma ba a yarda a rufe masa totur a sama ba. Idan matsi ya yi ƙasa sosai, iska ce take koma juya farfela, farfela kuma ta riƙa jan injin maimakon injin ya ja ta, wanda yake wahalar da ƙarafan ciki da aka ƙera domin ɗaukar nauyi ta fuska ɗaya. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada matsi ya gaza inci ɗaya ga kowane juyi ɗari, wato idan juyi 2,000 ne kada a sauka ƙasa da inci 20, yawanci ma sama da haka ake tsayawa. Tunda ba za a iya yanke wuta ba, sai dai a fara gangarowa da wuri, a hankali, kimanin ƙafa 500 a minti. Daga ƙafa 17,000 zuwa Kano wannan ya kai rabin sa'a, wato dole a fara sauka tun ana nesa da fiye da kilomita 200, tun kafin a ga ko alamar gari. Idan lokacin hunturu ne kuma hazo ya rufe, ba za a ga titin ba sai an zo dab da shi.

Akwai abin da manhajar ba za ta iya bayarwa ba, kuma gara a faɗe shi. Kujerar ɗaki ba ta karkata, jiki ba ya jin nauyi ko sauƙi, sitiyarin roba mai sifirin ba ya yin tauri idan gudu ya ƙaru kamar na gaske wanda wayoyin ƙarfe suke haɗa shi da fukafukai kai tsaye ba tare da taimakon haidurolik ba. Mafi girma kuma, babu rai a ciki. A ranar 24 ga Yunin 1956 wani jirgin BOAC ƙirar Argonaut, ɗan'uwan DC-6 ta wajen asali domin dukansu daga DC-4, jirgin Douglas da ya riga su, aka samo su, ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus alhali hadari yana haɗuwa a kusa. Jim kaɗan bayan ya ɗaga, iska ta juya masa ba zato, gudunsa ya zube, ya kasa hawa, ya daki itace ya faɗi, mutum 32 daga cikin 45 suka rasu. Matuƙan suna da cikakkiyar wuta a injina huɗu, amma jirgin fistin mai nauyi a rana mai zafi ba shi da rarar ƙarfin da zai fitar da shi daga iskar da ke danno shi ƙasa. Ana iya saita irin wannan yanayi a kwamfuta a ga yadda allurar gudu take zamewa, kuma hakan yana koyar da wani abu game da dalilin da ya sa matuƙa suke jinkirta tashi idan gabas ta yi baƙi a damina. Amma wanda ya faɗi a manhaja maɓalli ɗaya zai danna ya dawo kan titi, don haka tsoron da yake sa mutum taka-tsantsan sai dai ya ƙirƙira wa kansa, misali ya kunna tsarin da yake ajiye lalacewar inji daga tafiya zuwa tafiya, ta yadda zaluncin da ya yi wa inji na uku jiya zai same shi gobe.

Ta fuskar kayan aiki, ba sai an kashe dukiya ba, ko da yake manhajar tana son kwamfuta mai ƙarfi da data mai yawa, domin saukar da ita kaɗai yakan haura gigabait ɗari. Sandar tuƙi mai sauƙin kuɗi ta isa a fara. Abin da ya fi amfani bayanta shi ne akwatin sandunan totur, sai feda ta juya jela, wadda ake buƙata ƙwarai ranar da aka gwada kashe inji ɗaya na gefe a ga yadda jirgin yake fizgewa zuwa ɓangaren da ya mutu. A wajenmu akwai ƙarin abin lissafi wanda littafin Douglas bai ambata ba: na taɓa kai sa'a huɗu a kan hamada, na daidaita komai, sai wuta ta ɗauke. Tun daga ranar nake duba cajin batirin gida kafin in duba man jirgi, kuma na fi zaɓar gajerun tafiyoyi na sa'a ɗaya ko biyu, kamar Kano zuwa Yamai ko zuwa Legas, waɗanda suke ɗauke da tashi da hawa da sauka duka ba tare da dogon zaman tsakiya ba.

Ko bayan tayoyi sun taɓa ƙasa aikin bai ƙare ba. Ana juya hannuwan farfela su tura iska gaba domin rage gudu, a mayar da su kafin gudun jirgin ya ragu sosai, a buɗe ƙofofin iska gaba ɗaya saboda yanzu babu guguwar da ke sanyaya silinda, a karkata zuwa wurin tsayawa da ƙaramin sitiyarin tayar gaba da ke gefen hagun kyaftin. A wurin tsayawa kuma ba a kashe injinan nan take. Ana barin su su yi ɗan gudu kusa da juyi dubu har zafinsu ya sauka, famfo kuma ya kwashe baƙin man da ke cikin inji ya mayar tanki, domin a rage wanda zai tsiyaya cikin silindojin ƙasa kafin safiya. Sannan a ja sandunan mai zuwa matsayin yankewa ɗaya bayan ɗaya, a jira farfela ta huɗu ta tsaya, a kashe wutar fulogi da batir, a ɗaga jan hannun da yake kulle fukafukai da jela domin kada iskar dare ta yi ta kaɗa su.